Ni Ce Na Ɓoye Zoben Tulun

Hadayek el-Maadi, Alƙahira
Ranar Laraba

Zuwa ga ƙanwata Hindatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin sauka Katsina lafiya, kin huce gajiyar jirgi da ta mota. Ki gaishe mini da Gwaggo Asabe da duk mutanen gida. Allah ya tsare ki a makaranta da hanya, ya haɗa ki da ƙawaye na gari, ya sa ruwan garin ya karɓe ki.

Umma ce ta ce in rubuta miki nasiha irin ta iyaye, tunda hannunta bai saba da biro ba. Na ce mata ni shekarata goma sha biyar, karatuna a aji shida ya tsaya, wace nasiha gare ni? Ta ce wadda ta goye ki har zaninta ya yage ta isa ta yi miki faɗa. To yau ni ce uwar, ki gyara zama. Amma kafin faɗa akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma ba zan iya faɗarsa a wayar Umma ba, don kowa yana ji.

Ni ce na cire zoben robar nan na tulun ƙarfe. Ba ke ba ce, kin sani. Yanzu kin san wace ce.

Bari in faro daga farko, don cirewar ba ita ce wautata ta fari ba.

Kin san yadda muke yin lemun cittarmu a kwalba. A markaɗa citta, a dafa da kanumfari, a sa sukari da lemun tsami, a ɗura, a toshe, a bar shi kwana ɗaya ko biyu ya tashi da kansa har ya yi iskar nan mai cizon harshe. Saboda cizon ne ɗalibai suke saye, don ruwan citta kurum kowa yana iya yi a ɗakinsa. Kuma kin san wahalar: kwalba arba'in duk Alhamis, a jiƙa, a kankare takarda, a zura buroshi, a kife a baranda. Har yau in na tuna fatar hannuna sai in ji tana tsami.

Wata rana muna kai kaya, ina tsaye a ƙasan bene da jaka kamar kullum, ke kina sama kina ƙwanƙwasa ƙofa, na ji wani ɗalibi yana ce miki na wannan makon ya fi iska, a gaida wadda ta haɗa. Ni ce na haɗa. Hindatu, kwana uku ina jin maganar nan a kunnena. Mako na gaba sai na ƙara sukari ban gaya wa Umma ba, na ɗura tun Lahadi maimakon Laraba, a tsakiyar zafin Agusta. Wai so nake a ƙara yabo na. Kin tuna abin da ya biyo baya. Muna cikin jirgin ƙasa na metro, a taragon mata, kwalba ta fashe a jakarki kamar an harba bindiga. Wata tsohuwa ta yi ta salati, wata ta riƙe yaronta, ke kuma kina tsaye citta na ɗiga daga hijabinki kina ba su haƙuri da Larabci, ma'alish, ma'alish, lemo ne kawai. Da jakar ba mai kauri ba ce da gilashi ya same ki a ido. Na sha tunanin wannan.

Kuma ba a nan ta tsaya ba. Sauran kwalaben da suka isa sun yi tsami, suna wani wari. Malam Sani, babban ɗaliban nan mai gilashi da ke limanci a gidansu, ya zo har gida ya tambayi Abba kwana nawa lemun yake yi a toshe. Ya yi maganar cikin ladabi. Ya ce abin sha mai sukari in an toshe shi yana tashi da kansa, in ya daɗe juyewa yake yi zuwa abin da Musulmi ba ya sha, kuma ba wanda zai iya nuna daidai lokacin da ya juye. Bai ce haram ba, ya ce shubuha. Ai kin san su, kalmar nan ɗaya ta isa. Cikin mako biyu ba wanda ya ƙara aiko saƙo.

To ga nasihar farko. In an yabe ki a can, kuma za a yabe ki don bakinki da ƙwaƙwalwarki, ki ce na gode, ki bar abin yadda yake. Kada ki koma ki ƙara sukari. Sannan in Gwaggo ta sa ki yi mata citta, ki yi a shanye a ranar. Kada ki toshe komai ki ajiye, zafin Katsina bai fi na nan tausayi ba.

Sai ga tulu ya zo. Baturen da Abba yake tuƙawa a Ma'adi zai koma ƙasarsu, yana rabar da kaya, ya ba shi dogon tulun ƙarfe mai ƙyalli da ƙaramar tukunyar iska da agogonta. Ya ce shi ma shekara da shekaru ya yi yana wanke kwalabe har ya gaji ya koma wannan. Da shi ba sai an jira abu ya tashi da kansa ba, iskar daga tukunya ake tura ta, irin wadda ke cikin lemun kanti. Abba ya shigo yana murna kamar an ba shi kujerar Makka. Umma ta tambayi me Baturen yake zubawa a ciki. Abba ya sosa ƙeya.

“Tulun giya a gidana, Malam?” in ji ta, tana kallon Abba.

Kwana tara ya yi a ƙarƙashin bene, Ammu Ragab mai gadin gidanmu ya mai da shi kujera yana shan shayi a kai. Sai da aka kira Malam Sani, ya haska ciki da fitilar wayarsa, ya shinshina, ya ce ƙarfe ba ya shan abu kamar tukunyar ƙasa, a wanke shi da kyau ya tsarkaka, amma a sauya tiyo da duk wata roba. Umma ta wanke shi sau bakwai da ruwan zafi da kanwa. Ba wanda ya ce mata bakwai, ita ta ce zuciyarta take wankewa.

Duk wannan da ke aka yi. Abin da ba ki gani ba shi ne abin da ya shiga raina ranar da Hajiya Rabi ta zo. Ta ce a kawo tulun gidan abincinta duk Juma'a, don bayan masallaci ɗalibai da 'yan kasuwa cika wurin suke yi, amma ita hannu biyu gare ta kuma tuwo ya cinye su, sai dai wani daga gidanmu ya tsaya a bakin famfon yana zubawa. A lokacin an riga an yanki tikitinki. Gwiwar Umma ba ta hawa benen Hajiya, balle tsayuwar awa uku. Abba yana aiki. Na ƙirga mutanen gidanmu da yatsa, na ga saura ni.

Kwalba ana aika ta, Hindatu. Ana miƙa ta ta bayan ƙofa a gudu. Tulu kuwa sai an tsaya kusa da shi mutane suna kallon fuskar mai zubawa.

Da safe Abba ya haɗa komai ya buɗe iska, ya ce a bar lemun ya sha iskar har yamma. Da azahar Umma tana salla, kina wajen Ammu Ragab kuna musun ƙwallo, na zare kan tiyon, na cire ƙaramin zoben da ke hana iska fita, wanda bai fi na yatsa ba, na mayar da tiyon. Da fanka da ƙarar titi ba wanda ya ji komai. Tunanina in abin ya ƙi aiki za a ce kayan Bature ne ya lalace, a haƙura. Ban yi tunanin cewa kwalabar da nake so a koma mata ba mai saye ba. Ban yi tunanin za a nemi mai laifi ba. Da yamma allurar agogo ta kwanta, iskar tukunya ta zurare kaf, Abba ya ga ba zobe, ya tambayi wa ya taɓa. Duk ido ya koma kanki, don jiya an gan ki kina murɗa agogon. Kika rantse, kika yi kuka, Umma ta ce hannunki ba ya zama wuri ɗaya. Ni ina zaune ina feraye citta. Kwana huɗu bayan nan kika tafi, kuma a filin jirgi ni kika fi daɗewa kina runguma.

Ki yafe mini. Ban da wata hujja sai tsoro.

Abba hutunsa rana ɗaya ne a mako. A ranar ya saɓa tukunyar a kafaɗa, ya shiga mota biyu zuwa can ƙarshen gari inda ake cika wa masu lemo iska, ya dawo da shatin ƙarfe a kafaɗarsa. Da na ga shatin na kasa cin abinci. Na ɗauko zoben daga cikin safata na ce na tsince shi a bayan firij. Ya dube ni ya ce Allah ya yi mini albarka, idona da kyau. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Zan gaya musu. Sau biyu ina niyya ina fasawa. In kin ga na daɗe, ki riga ni, haƙƙinki ne, ba zan ji haushi ba.

Nasihar a nan ita ce: in kina tsoron abu, ki ce kina tsoro. Kalma ce ƙarama. Da na ce “Umma, ina tsoron tsayawa a gaban mutane,” da an yi mini dariya ko faɗa, shi ke nan. Da na ƙi faɗa sai tsoron ya bi ta hannuna, ya ɓata kayan Abba, ya ɓata sunanki. Makarantar kwana za ta zo miki da abubuwa da yawa, duk da na san ke ba matsoraciya ba ce. In wani ya zo, ki faɗa wa Gwaggo ko malama tun yana ƙarami.

To, na gama mai ɗacin. Yanzu bari in ba ki labarin tulun, don tun da na zauna hannuna yake ƙaiƙayi.

Hindatu, yana aiki! Wallahi yana aiki. Abin da muke yini muna yi, yanzu kafin a kira la'asar na gama. Abu ɗaya nake wankewa, ɗaya tak, bakinsa da faɗi har hannuna yana shiga zuwa gwiwar hannu. Ba buroshi, ba kankarar takarda, ba neman murfin da ya shige ƙarƙashin kujera. Baranda ta zama fili, har Umma ta sa tukunyar na'a-na'a a inda muke kife kwalabe. Ina dafa cittar, in tace, in bar ta ta huce, in juye, in rufe. Sai in buɗe iska kaɗan, in ja ƙaramar ƙugiyar da ke kan murfin, ya yi fuu kamar mage ta ji haushi, sau uku, don iskar ɗaki ta fita ta tukunya ta zauna. Abba ya koya mini shafa kumfar sabulu a duk mahaɗa, in akwai inda yake zuba sai ka ga ƙwai-ƙwai suna tashi. Lokacin da yake nuna mini na kasa kallonsa, kin san dalili.

Kuma lemun ba ya juyewa, don ba a bar shi ya kwana yana tashi ba. Yadda na zuba shi haka yake fitowa, sai cizon da ya ƙaru. Cizon ma ni ke zaɓa, in murɗa agogo sama ko ƙasa. Ni da ba na iya cewa mai tumatir ya rage mini, ga ni ina ba iska umarni.

Amma kada ki ɗauka daga farko na iya. Abba ya ce a sa tulun a firij ya yi sanyi tukuna, don ruwan sanyi ne yake shan iska. Muka fitar da duk kantocin firij ɗin, miyar Umma ta koma gidan maƙwabta. Ni kuma na kasa jira. Na tuna Abba ya ce Baturen yana kwantar da shi a ƙasa yana mirginawa da ƙafa don ya yi sauri, sai na yi haka tun yana da ɗumi, na yi ta mirginawa daga kicin zuwa falo, kina jin iska tana shiga ƙulu-ƙulu. Abba yana shigowa da farar rigarsa na tayar da tulun tsaye, na ce ya kawo kofi. Na matsa famfo. Abin da ya fito ba lemo ba ne, kumfa ce zalla, ta buga ƙasan kofin ta dawo ta wanke shi daga hula har aljihu. Ya tsaya yana ƙifta ido, citta ta shiga. Umma ta yi dariya har ta riƙe bango, ta ce dama tulun ya san wanda ya ɗauko shi daga gidansu. Rabon da in ji dariyarta haka tun kafin tafiyarki.

Washegari da ya kwana a sanyi ya natsu, na sake matsawa. Ya zubo a hankali, launin zuma, da 'yar kumfa a sama kamar hular jariri. Na kai wa Umma kofin farko. Ta kurɓa, ta rufe ido, hancinta ya yi tsami, ta ce tamam, ya yi daidai. Ammu Ragab ya sha kofi biyu, ya ce a dawo masa da kujerarsa amma a cike. Abba ya kai wa Malam Sani a flas, ya aiko cewa ba shubuha, kuma ko akwai saura.

Ke ma yanzu an girgiza ki, jirgi da mota da baƙin fuskoki. Na san halinki, ranar farko za ki so ki gaya wa duk ajin labarin Masar, da Larabci ma don su ji. Ki bari ki ɗan natsu tukuna. Ki ji sunayensu kafin su ji labarinki. Kuma kada ki riƙa cewa a Alƙahira ba haka ake yi ba, ko da gaskiya ne.

Akwai kuskure ɗaya kuma, ƙarami, na ƙyuya. Na tace cittar sau ɗaya da rariya ban bi da ƙyalle ba, zarenta ya toshe siririn bututun da ke cikin tulun, sai da na kwance komai na busa shi da baki. Ba ni da wata nasiha a kan wannan sai dai ki wanke safarki da kanki tun ba ta taru ba.

Wanda ya fi duka daɗewa shi na bari a ƙarshe. Tun kina shekara biyar na mai da ke bakina. A kantin magani ke ce, a wajen mai burodi ke ce, in baƙi sun zo ke ce mai gaisuwar mu biyu. Abba yana ce miki Rediyo, kowa yana dariya, ni ina jin daɗi don in rediyo tana kunne ba a neman wata murya. Ban taɓa tambayar ki ko kin gaji ba. Kuma ke ma, don kina so na, kafin in haɗa kalma biyu kin ƙarasa mini. To a makaranta za ki haɗu da irina, kowane aji akwai ta, tana can kusa da bango. Ki zauna da ita. Amma in an yi mata tambaya, ki danne harshenki, ki ƙirga goma a zuci. Za ta yi gumi, za ta ji haushinki. Ki bar ta ta faɗa da kanta ko da a karkace. Wannan ce nasihar da na fi so ki riƙe, don ita kaɗai ce ba wanda zai iya ba ki sai ni.

Ki riƙe salla a kan lokaci ko da ba mai tashin ki. Ki taya Gwaggo aiki ba sai ta kira ba. Ki sha maganin zazzaɓin cizon sauron da Umma ta sa miki a aljihun jaka, jikinki bai san zazzaɓin can ba. Umma tana gaishe ki, ta ce ki rage yaji. Abba yana sa miki albarka. Allah ya kiyaye ki daga ciwo da mugun ido da mugun aboki, ya buɗe miki karatu, ya tsare fitarki da shigarki, ya maido mana ke lafiya kin fi ni tsawo.

Saura magana ɗaya. Shekaranjiya na ji Umma tana gaya wa Abba a kicin cewa tunda ba mai tsayawa, gara a bar wa Hajiya Rabi tulun gaba ɗaya, ta nemi wanda zai yi mata, mu mu haƙura da sana'ar. Abba ya ce Sa'adatu fa? Umma ta ce a bar yarinyar nan, kada a ɗora mata abin da Allah bai ɗora mata ba. Da tausayi ta faɗa, ba da faɗa ba. Ko tambaya ta ba ta yi ba, don ta san amsar. Na tsaya a bayan ƙofa na ji ba na son a ƙara sanin amsata tun ban faɗa ba.

Jiya da aka aike ni sayen lemun tsami, na wuce kasuwar, na hau benen Hajiya ni kaɗai. Sau biyu ina ɗaga hannu ina saukewa kafin in ƙwanƙwasa. Ta buɗe da muciya a hannu, ta leƙa bayana tana neman wanda ya rako ni. Na gaishe ta. Na ce, “Hajiya, Juma'ar nan mai zuwa, ni zan tsaya.”

Ta sauke muciyar. Ta ce, “Ikon Allah. Ashe kina da murya, 'yar nan.” Sai ta nuna mini wani lungu kusa da taga, ta ce nan za a ajiye shi, in zo da kofuna talatin da tsumma, kuma in ci abinci kafin in zo don ba ta son a faɗi mata a ɗaki.

Umma ba ta sani ba tukuna. Cittar na jiƙa, kofunan na wanke. Ranar Juma'a da hantsi za ta gan ni ina sa takalmi.

Wassalam.

Yayarki,
Sa'adatu